Ƙofar da Idwal Ya Tare

Emrys Prydderch ya sa jar rigar ƙasar Wales a wasan ƙwallon ragbi sau bakwai kafin ya cika shekara ashirin da biyar. A kwarinsu na masu haƙar kwal ba a ambaton sunansa sai tare da na Idwal Gethin, abokinsa tun makaranta, wanda ke cillo masa ƙwallo ba tare da ya waiwayo ba.

A 1961 Emrys ya tafi arewacin Ingila buga ragbin 'yan goma sha uku, wanda ake biyan mutum a kansa. Hukuncin mai yin haka sananne ne: an haramta masa filin ragbin 'yan goma sha biyar da ya baro, har da zauren kulob ɗinsu, har ƙarshen ransa. Can ma ya sa rigar ƙasa, daga baya gwiwa ta ci amanarsa ya zama koci.

Shekara biyu da tafiyarsa mahaifinsa ya rasu. Bayan an binne shi, jama'a suka nufi zauren kulob shan shayi. Emrys ya zo shiga, sai ga Idwal a bakin ƙofa, yana sanye da kwat ɗin 'yan kwamiti.

"Emrys, kada ka sa ni in faɗa," in ji Idwal, idonsa a ƙasa.

Emrys ya juya cikin yayyafi ya kama hanyar tashar jirgi. Ba su sake magana ba.

Amma tun daga lokacin yake ganinsa. Ana tsaka da wasa sai ya hango wani mai hula a bayan raga, kafaɗa ɗaya a karkace irin ta Idwal. Kafin ya sake dubawa taro ya haɗiye shi. Da ya gaya wa matarsa Beryl, ta ce haƙƙi ne ke binsa, ko kuma dukan da kansa ya sha a fili. Daga nan ya daina faɗa.

A 1995 aka ɗage haramcin. Kulob ɗin garinsu, wanda ya lalace tun da aka rufe ramin kwal, ya aiko yana neman ya zo ya horar da su. A lokacin Beryl ta riga ta rasu, Idwal ma shekara uku ke nan da mutuwarsa. Ranar da ya iso wani tsohon abokin wasa ya yi masa tsiya, wai mutumin arewa ya dawo da furfura da ɗingishi, ko can ba a sayar da sabuwar gwiwa? Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Da la'asar ya je gaishe da Nesta, matar Idwal. Ta zuba masa shayi, ta yanka masa burodi mai inabi, suka jima suna zancen waɗanda suka mutu. Can ta ce Idwal yakan yi sammako wasu Asabar ɗin, ya ce wa mutane zai je duba 'yar uwarsa a Wrexham.

"Ba shi da kowa a Wrexham," in ji ta. "Kai yake zuwa kallo. Da kwamiti sun sani, da shi ma sun kore shi."

Emrys ya ajiye kofin. Ya tambaye ta yaushe ne zuwan Idwal na ƙarshe. Ta ce tun 1974, da huhunsa ya hana shi tafiya.

Bai gaya mata cewa ko bara ya gan shi ba.

Kakar wasa uku ya yi yana horar da kulob ɗin. Bai ci musu kofi ba, amma ya hana su faɗawa rukunin ƙasa. 'Yan wasan suna sonsa, duk da sun lura ba ya tsayawa cin abinci a zauren kulob bayan wasa. Da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya ya ajiye aikin, ya kama ƙaramin gida kusa da cocin garin, inda ya rasu a hunturun 2003. Su shida cikin 'yan wasansa suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa maƙabartar da ke kan tudu.