Gwangwanin Biskit na Doña Herminia

Baltasar ya rubuta tafiyar a takarda tun kafin su bar Torreón: kwana huɗu, coci bakwai, kufai biyu. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran rufin gidaje a Chicago, wannan ne hutu na farko da ya fita da mahaifiyarsa. Matarsa Noemí ce mai riƙon ruwa da magunguna. Mahaifiyar tasa kuwa, Doña Herminia, jakar hannunta kawai ta riƙe, ba ta yarda kowa ya taɓa ta.

A babban cocin Puebla tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce mai share saƙar gizo-gizo a nan yana shan aiki. A cocin Tonantzintla, inda fuskokin mala'iku suka cika bango, ta ce sak 'ya'yan maƙwabciyarta. Kullum da safe tambayarta ɗaya ce: "Yaushe ne Cholula?"

"Ranar ƙarshe, Mama. Yana nan a rubuce."

Ranar ƙarshe da hantsi suka isa. Garin yana da wata ƙatuwar dala ta mutanen da, ciyawa ta lulluɓe ta, wani coci rawaya yana zaune a samanta. Abin da Baltasar ya fi ɗoki shi ne kufan da aka tono a gindinta. Saman kuwa bai sa shi a takarda ba, don likita ya hana gwiwar mahaifiyarsa hawa.

"Zauna a inuwa in sayo miki masara, Mama. Daga nan ma ana ganinsa sarai."

Ta zauna, amma takalmanta ta cire. Sannan ta buɗe jakar ta fito da tsohon gwangwanin biskit. A ciki jelar kitso ce guda, baƙa wuluk, tsawon hannu, ɗaure da jan zare.

"Kana ɗan shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da kai kwana tara," in ji ta. "Likita ya ce in kira fada, limamin coci, ya yi maka addu'ar ƙarshe. Na yi wa Uwa Maryamu ta saman can alkawari, ita uwata ke kira tun muna yara. Na ce in ka tashi, zan hau babu takalmi in kai mata gashina. Ranar da ka nemi abinci na yanke shi."

"Shekara arba'in da ɗaya, Mama?"

"Ubanka kullum sai baɗi. Har ya mutu yana baɗi. Kai kuma ka tafi hawa rufin mutane."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da ka buga wa likitan nan waya. Ɗan nan, ni na haife ka."

Baltasar ya dubi takardarsa, ya ninke ta ya sa aljihu. Ya durƙusa ya kwance takalmansa.

"Ƙafar da ko tsakar gida ba ta takawa sai da silifa?" in ji Noemí. "Yau za mu sha kallo."

Suka kama hawa. Taku goma, hutu. Taku takwas, hutu. Ɗalibai da masu ɗaukar hoto suna wuce su. Wajen rabin hanya gwiwar ta ƙi. Doña Herminia ta zauna a gefe, ta ce a ba ta minti biyar. Sau uku tana yunƙurin tashi tana komawa. Daga nan ta rungume gwangwanin, ba ta sake yunƙurawa ba.

Noemí ta warware mayafin da ke kafaɗarta.

"Mama, da a shekarar kika zo, ina za ki bar wannan ƙaton?"

"Goya shi zan yi mana."

"To, yau ya rama, ya goya ki."

"Da ƙafata na yi alkawari."

"Ki sauka a matakalar ƙarshe ki taka abinki. Ita ma Maryamu uwa ce, ta san ciwon gwiwa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon sama. Can ta miƙa hannu.

Noemí ta ɗaure ta tamau da mayafin a bayan Baltasar. Bai ji nauyinta ba, ko buhun siminti ba ta kai ba. Duwatsun ne suka gasa masa tafin ƙafa.

"Daina nishi a gaban mutane," ta ce masa a kunne.

A gindin matakalar ƙarshe ya sauke ta. Ta hau da kanta, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da gwangwani. Ba wanda ya taɓa ta.

A cikin cocin wata mata mai gyara furanni ta nuna mata inda ake ajiye irin wannan. Doña Herminia ta durƙusa da ƙyar ta ajiye jelar, baƙin gashin dab da farin kanta. Baltasar ya manta addu'o'in da aka koya masa. Na gode kawai ya samu ya ce, ya kuma maimaita.

Da suka fito rana ta yi sanyi, wani dutse mai aman wuta can nesa yana fitar da siririn hayaƙi. Daga sama Baltasar ya hango ana rufe ƙofar kufan.

Doña Herminia ta miƙa wa Noemí gwangwanin. "Ki riƙa zuba zare da allura." Ta juya ga ɗanta. "Ina masarar da ka ce?"