Ɗinki Biyar a Rigar Tela

"Ɗaga wayar sama kaɗan, Likita. Kada wuyana ya fito."

Na ɗaga. Tela ya gyara zama a kan kujerar keken ɗinkinsa, ya ja wuyan shuɗiyar rigarsa, ya murza kumatunsa da tafin hannu. Sai ga fuskar 'yarsa ta cika gilashin wayar.

"Baba! Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Uwata. Da sauƙi sosai."

"Kana shan na farar kwalbar nan? Biyu da safe, ɗaya da yamma?"

"Tambayi kawunki, ga shi nan. Ai ɗan sanda kika ajiye mini."

Na leƙo da fuskata na ce yana sha, ba ya fashi. Gaskiya na faɗa, amma da muka kashe wayar sai na ji bakina yana ɗaci.

Ni ba likita ba ne. Ɗan shagon magani gare ni, bango ɗaya ya raba shi da shagon ɗinkin Tela, gidajenmu kuma suna bayan shagunan. Shekara ashirin da uku muna jin tarin juna. Shi ya laƙaba mini Likita don tsokana, sunan ya bi ni har matata ta ɗauka. Matarsa ta rasu tun yarinyar tana firamare, kuma da wannan keken ɗinkin ya raine ta shi kaɗai. Uwata yake kiranta, mu kuma 'Yar Tela. A lokacin tana wani gari mai nisan yini guda a mota, tana karatun aikin jinya, saura mata wata biyu ta zauna jarrabawar ƙarshe. Wanda jarrabawar ta wuce shi sai ya jira wata shekara.

Ciwon ya fara da abin da ba wanda ya ɗauka a bakin komai: kumburin ciki, da zawo mai tafiya ya dawo. Yana cin abinci, har ya fi ni loma, amma kullum ƙara zubewa yake. Sau uku na raka shi asibiti. A na ukun likitan gaske ya zaunar da mu ya ce hanjin Tela ya daina tsotse amfanin abinci, abin da ya ci wucewa kawai yake yi. Ya ce akwai wani tsiro a can ciki da ya jawo haka, kuma ya riga ya yi nisa. Ya rubuta allurar bitamin da ƙarin ruwa, ya ce za su riƙe shi na ɗan lokaci.

Da muka dawo, a bakin shago Tela ya tsayar da ni.

"Likita, ka san halin bakinka."

"Me bakina ya yi?"

"Irin cikina ne, ba ya riƙe komai." Ya yi dariya, sannan ya kama hannuna. "Kada yarinyar nan ta ji. Sai ta ajiye alƙalami. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Da wane ido zan kalle shi in ce a'a?

Abin da ya gaya mata kawai shi ne cikinsa ba ya karɓar abinci sosai. Ita kuwa ɗalibar jinya ce, sai ta ɗaura ɗamara. Duk mako biyu direban mota zai sauke mana ɗan kwali: ƙwayoyin bitamin, maganin ƙarin jini, wani gari da ake damawa a ruwa don gyaran hanji, man kifi. Kowace kwalba da 'yar takarda a liƙe, da rubutunta mai tsafta: kafin abinci, bayan abinci, kada a haɗa da shayi. Maƙwabta ma ba a bar su a baya ba. Duk wanda ya shigo dubiya da nasa ƙunshin: garin zogale, citta da zuma, busasshen ganyen da wai ya tayar da ƙanin surukin wani. Kantar da Tela ke jera zare a kai ta cika da kwalabe, zaren ya koma cikin kwali a ƙasa.

"Ka kiyaye ni, Likita," in ji shi. "Na kusa ƙwace maka kasuwa."

Ba zan kushe waɗannan magunguna ba, da su nake ci. Na ga mai jego da ba ta iya tsayuwa ta miƙe bayan kwalba biyu. Na ga tsoho ya dawo da cin abinci. Amma ƙwaya ma ta hanji take shiga jiki, kuma nasa hanjin ya rufe ƙofa. Na sani, shi ma ya sani. Duk da haka kowace safiya sai na zazzage masa su a murfin gwangwanin allurai, ja da rawaya da fari, ya haɗiye ɗaya bayan ɗaya yana yamutsa fuska.

Na taɓa ce masa, "Tela, ka huta da wasu mana. Wahalar da maƙogwaronka kawai kake yi."

"Abincinta ta rage ta saya. In ban sha ba, me zan ce mata ran Lahadi?"

Ran Lahadi da yamma ne take kira, kuma kullum a shuɗiyar rigar nan yake amsawa, don ita ta zaɓar masa yadin. Wata Asabar na shiga na tarar ya juya rigar baibai, yana bi da ita ƙarƙashin allura daga hammata zuwa ƙasa.

"Yagewa ta yi?"

"Rage ta nake. Kai ka san ƙwaya, ni na san riga. Rama a kafaɗa take fara nunawa, ba a fuska ba. In riga ta zauna wa mutum, ko uwarsa sai ta ce ya yi ƙiba."

Da ya gama na ga yadin da ya rage ya taru a ciki, sai na miƙa masa almakashi. Ya ture hannuna, ya goge rigar ya rataye. Na ɗauka rigimar masu ciwo ce.

Haka muka yi ta yi. Ya daina karɓar sabon ɗinki. Ya daina fitowa bakin shago da hantsi yana tsokanar mai gyaran takalmi. Idanunsa suka faɗa, muryarsa ta yi sirara, amma duk wanda ya leƙo ya ce yaya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Mai dubiya ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita, sai a waje ya girgiza kai.

Ana saura kwana goma jarrabawa ya aiko in zo. Yana zaune a gaban keke, rigar tana ƙarƙashin allura, ƙafarsa tana kan abin takawa. Ya danna, keken ya yi motsi ɗaya ya tsaya. Ya sake dannawa, gumi ya keto masa.

"Keken nan yana son mai," ya ce.

Keken ba ya son mai, jiya na ga ya zuba masa. Na ja kujera na kama kan keken ina juya masa da hannu, shi kuma yana bi da yadin da yatsunsa. Ɗinkin ya tafi a karkace. Mutumin da ya taɓa warware riga ɗungurungum saboda aljihu ya kauce da faɗin farce, ya dubi wannan layin ya ce ya yi.

Da na shiga gida na kasa cin abinci. Matata ta ɗauke kwanon ta zauna a gabana.

"Kai da abokinka kun haɗa baki kuna cutar yarinyar nan."

"Alkawari na yi."

"Wa ka yi wa? Shi tafiya zai yi ya bar ka. Ita ce za ta dawo ta tsaya a ƙofar shagonka ta ce, Kawu, kana gani ka yi shiru. Ka tanadi abin da za ka ce mata?"

"In ta zo ta rasa shekara fa? Abin da ya yi wa wahala ke nan tun tana 'yar mitsitsiya."

"Jarrabawa ana sake ta, Likita."

Ta tashi da kwanonta. Na ji haushinta ƙwarai, don ta fi ni gaskiya.

Ran Litinin da safe, kafin in buɗe shago, na tsaya a bayan kanta na kira.

"Kawu? Lafiya dai?"

"Ki zo gida, 'yata."

"Ai jiya muka yi magana, kai ka riƙe wayar. Ya ce da sauƙi."

"Ke da kike yini a cikin marasa lafiya, kin taɓa tambayar wani ya ce miki babu sauƙi?"

Ta ce, a hankali, "Ko wanda aka sa wa iskar numfashi haka yake ce mini." Daga nan muryarta ta koma ta ma'aikaciya. Yana iya tashi da kansa? Ƙafafunsa sun kumbura? Me likita ya rubuta? Na faɗa mata komai, har abin da aka gani a hoto.

"Amma Kawu, rigarsa... ban ga ta yi masa yawa ba."

"Ubanki tela ne," na ce.

Washegari da la'asar ta iso, da jaka ɗaya da littattafai a leda. Tela yana kwance a ɗaki da tsohuwar singileti, ba riga, ba shiri. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon abin da ya rage na ubanta. Shi kuma ya wuce ta da ido ya neme ni a bayanta.

"Da na sani na sa maka zik a baki."

Ta durƙusa a gefen gadon ta kama hannunsa. "Baba, yaya jiki?"

Ya buɗe baki, sai ta girgiza kai. "Kada ka faɗa mini waccan."

Ya kalli silin. "Na gaji, Uwata," ya ce. "Wallahi na gaji." Wata biyar ina tare da shi kullum, ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Ta kifa kanta a kan ƙirjinsa, ni kuma na fita tsakar gida na tsaya kusa da famfo.

Ita ta dakatar da ƙwayoyin. Ta ce ya isa haka. Ruwa da ɗan zuma take ba shi a cokali, tana jiƙa masa leɓe da auduga. Shi kuwa sharaɗi ya kafa: in tana son ta zauna a ɗakin, sai da littafi a buɗe. Ta katangar gidana nake jiyo ta tana karanta masa sassan hanji da aikin kowanne, shi yana cewa, "Maimaita wannan, ban ji kin riƙe ba." Ya sa ta rantse za ta koma ta zauna jarrabawar ko me ya faru.

Ni dai kwana biyu bai yi mini magana ba. In na shigo sai ya juya fuska bango. Abin ya ci mini rai fiye da yadda na nuna. A rana ta uku ya yafito ni da yatsa.

"Kwalaben can, ka kwashe. Ka ba wanda cikinsa ke karɓa."

"To."

"Likitan banza." Ya lumshe ido. Hannunsa ya lalubo nawa a kan zanen gado ya riƙe. "Tambaye ni mana."

"Yaya jiki, Tela?"

Ya dubi 'yarsa tana zaune a ƙasa da littafi a cinya. "Da sauƙi," ya ce, kuma a karon nan na yarda da shi.

Ya cika washegari da hantsi, daidai lokacin da ake ɗaga ƙofofin shaguna. Kansa yana kan hannunta.

Ana gobe za ta koma, ta ce in zo in taya ta rufe shagon. Na zuba kwalaben a kwali, wasu ko buɗe su ba a yi ba, takardunta suna liƙe a jiki. Ita kuma ta mayar da zaren kan kanta, kala bayan kala, yadda yake jera su. Sai ta ga shuɗiyar rigar a rataye a bayan ƙofa. Ta sauke ta, ta juya ta baibai, ta shimfiɗa a kan tebur.

Layin ɗinki biyar ne a kowane gefe, ɗaya na bin ɗaya zuwa ciki. Huɗu a miƙe sak, na biyar a karkace. Ta bi su da yatsa tana ƙirgawa.

"Bai yanke ba, Kawu."

"Na ba shi almakashi, ya ƙi."

"In babba ya kawo ragi, yankewa yake yi, ya ce tarin yadi na ɓata zaman riga." Ta shafa yadin da ke naɗe a ciki. "Kayan yara ne kawai ba ya yankewa. Yakan bar musu, ya ce nan gaba za a buɗe."

Ta juya rigar daidai, ta sa maɓallanta tun daga ƙasa har wuya, ta ninke ta, ta ɗora a kan littattafanta a cikin jaka. Sannan ta lulluɓe keken da zanensa. Na ɗauki kwalin, kwalaben suna ɗan bugun juna a ciki, na jira ta a waje har ta ja ƙofar.