Dokin Ƙofar Dorcas

Ina durƙushe ina goge dokin ƙofa da farin dutse, ɗan sanda ya jingine kekensa a bangonmu.

"Ke ce matar Crabb?"

"Ni ce. In Alf kake nema, ba ya nan, kuma ba shi ya yi ba."

Bai yi dariya ba. Ya cire hula. "Daga asibitin masu zazzaɓi ne. Dorcas Pinnock ta rasu da asuba. Sunanki ta bayar, ta ce ba ta da kowa."

Bango ɗaya ne tsakanina da Dorcas. Ita ke wa matattun layinmu wanka a Bermondsey, tun kafin in yi aure. Tana da farar rigar barci da safa a ƙasan durowa, ta ajiye don ranarta. Takan ce min, "Nellie, in tawa ta zo ke za ki wanke ni. Da ruwan ɗumi, kin ji? Kin san ni da sanyi."

"Gawa ta san ɗumi?"

"Tawa za ta sani. Kuma kada ki bari tsohuwa Gosling ta taɓa ni, hannunta kamar ƙanƙara yake."

Mashaƙo ne ya kama ta. Likita ya leƙa maƙogwaronta, ya ce doka ta tilasta masa ya sanar da hukuma. Kafin yamma motar asibiti ta shigo layi, mata na jan 'ya'yansu cikin gida. Aka fito da ita a nannaɗe da jan bargo. Ta so ta yi min magana, murya ta ƙi.

Washegari duba-gari ya zo da tambayoyinsa. Ina take sayen madara? Wa ya shiga ɗakinta? Wane gida ta shiga? Na ce masa ta wanke 'yar gidan Tapp, wadda aka ce mura ce ta kashe ta. Ya girgiza kai, ya nufi gidan. Mutanensa kuma suka kwashe katifar Dorcas, suka turara farar wuta a ɗakinta don kashe cutar, suka liƙe ƙofa da taga da takarda.

Ranar da ɗan sandan ya zo, ko hannu ban wanke ba na tafi ofishin lafiya. Duba-garin na tsaye gaban taswirar unguwa, an soka mata jajayen allurai. Layinmu ya yi ja.

"Ranka ya daɗe, a kawo min ita gida in wanke ta."

"Ba zai yiwu ba, baiwar Allah. An riga an rufe akwatin. Daga asibiti sai maƙabarta."

"To a ba ni rigarta. Tana ƙasan durowa."

"Ba a buɗe ɗakin sai hayaƙi ya gama aikinsa."

"Da me aka sa ta ke nan?"

Ya dubi ƙasa. "Zanen asibiti. An jiƙa shi da magani."

"Da ɗumi?"

Bai gane ba. Ba mugu ba ne, har kujera ya miƙo min. Ya ce ina da 'ya'ya, in tuna da su. Na tuna da su. Shi ya sa ban yi ihu ba.

Muka bi ta maƙabarta a ƙafa, ni da tsohuwa Gosling da wasu mata biyu. Sauran sun sauke labule don juyayi, amma tsoro ya hana su fitowa. Na ɗora hannu a kan akwatin, warin magani kawai ke tashi.

Da aka buɗe ɗakin na sami rigar a inda ta ce. Hayaƙi ya mayar da ita ruwan ƙwai.

Wani lebura ne a ɗakin yanzu, ba ruwansa da dokin ƙofa. Kullum da safe in na gama namu sai in ja bokiti in goge nata. Alf ya daina faɗa a kan gawayi. Yana kallo nake ɗora ruwan a wuta tukuna.