Fuskar Hajja Kaka a Bangon Littafi

"Kai ne ka mai da ni mayya, Sama'ilu. Kai da wannan akwatin naka."

Hajja Kaka ba ta yi sallama ba. Ta shigo shagon tana haki, ta dangwarar da littafin kusa da kwamfutar da Sama'ilu ke zana wa marubuta bangon littattafai da ita. Ya yunƙura zai gaishe ta, ta ɗaga masa hannu.

"Riƙe gaisuwarka. Dubi nan."

Ba ta iya karatu ba, amma wannan ba ya buƙatar malami. Wata tsohuwa ce a bangon, riƙe da kan adaidaita sahu, idanunta jajur kamar garwashi, farata zaƙo-zaƙo, duwatsun Kazaure a bayanta suna hayaƙi. An mai da fatarta koriya. Sai dai ga tsagar Barebari nan reras a kumatu, har da guda ɗayan da ta karkace wajen kunnen hagu, inda hannun wanzami ya goce tun tana jaririya. Duk garin babu mai irinta.

"Hajja, ki zauna mana, in yi miki bayani."

Ba ta zauna ba. Ta kai bakin ƙofa, ta dawo, ta gyara mayafi, ta sake komawa.

"Labari ne kawai," in ji shi. "Wata marubuciya ce a Babura, Sadiqa. Labarin aljanar da ke ɗaukar fasinja a cikin gari, ba a ƙara ganinsu. Ta ce ba ta son fuskar Turawan nan na intanet, tsohuwarmu ta gida take so. Sai na tuna hotunan da na ɗauka a sunan gidan Lauwali."

"Sai ka ga ni na fi kama da aljana."

"A'a wallahi. Kwarjini na gani. Kuma ai na sauya ki gaba ɗaya, dubi launin, dubi idon."

"Ka sauya launi ka bar tsaga? Ɗan nan, da fata ake gane mutum ko da askar gidansu? Ko baƙin tukunya ka shafa min, duk wanda ya ga wannan ya san 'yar waye."

Sama'ilu ya sosa ƙeya. Shi a ganinsa tsagar ce ta ƙawata bangon, har ƙara mata duhu ya yi don ta fito.

Abin da ke cin ranta ba yaran da ke bin ta suna kiran "Hajja, akwai wuri?" ba ne. Tun ƙuruciyarta ita ke wankan jarirai a unguwarsu. Da an haihu ita ake aika wa, kafin ma a sanar da dangin uba. Jiya Zulaiha matar Halliru ta sauka, ba wanda ya aiko. Ta ɗauki sabulun salo da kanta ta tafi, surukar Zulaiha ta tare ta a zaure, ta ce an riga an yi. Tana jiyo kukan jaririn, ta ga an saki labule.

"A zaure, Sama'ilu. Ni. Kamar mai tallan kuka."

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajja. Bugu na biyu zan cire ki, in sa wata fuskar."

"Ta uwar wa kuma?"

Ta nuna littafin da yatsa, ta ci gaba.

"Waɗanda aka sayar fa? Na Roni, na Gwiwa, wanda ke ƙarƙashin matashin kowace amarya? Akwatin naka zai bi su gida gida ya goge?"

Ta ɗauki littafin, ta sake kallonsa, ta kife shi.

"Ni ko gaban adaidaita ban taɓa zama ba, jiri nake ji."

Wani mai jiran hoton fasfo ya ƙyalƙyale da dariya, ta juyo ta dube shi, ya haɗiye sauran.

"Ba haƙurinka na zo karɓa ba. Rufe shagon nan. Ka kira ita Sadiqar a waya, ta hau mota ta zo. Mu je gaban mai unguwa, a kira surukar Zulaiha da matan layinmu, ka buɗe bakinka ka faɗa musu inda ka samo fuskata da wanda ya ba ka izini. Tashi, ɗauko makullinka."