Wanda Ya Ja Zarton

Ni dai ban iya yarda da mutum ba. Ko likita ya ce lafiyata lau, sai na sake kallon fuskarsa. Shi ya sa da tsoho Tuckwell, maƙwabcina a Cowley, ya damƙe hannuna daga kan gadon jinyarsa, na fara tunanin me yake nema.

"Desmond, kai za ka yi magana a coci ranar jana'izata. Ka faɗa musu ni na ja zarton."

Labarin na sha jinsa ta kan shinge. Bayan yaƙin duniya, masana'antar motoci ta unguwarmu ta ƙera samfurin wata ƙaramar mota. Babban mai zane ya zagaya ta, ya ce ta cika tsukewa. Aka tsaga ta gida biyu da zarto daga hanci zuwa wutsiya, ana ja baya da ɓangarorin har idonsa ya gamsu. Inci huɗu aka ƙara.

"Mista Tuckwell, akwai wanda ya gan ka?"

"Kai da aikinka sayar da inshora, har ka san ƙarya?"

Na sami matarsa Enid a kicin tana wanke kofuna.

"Shekara arba'in yana faɗa," ta ce. "Ni dai ko burodi ban taɓa ganin ya yanka a miƙe ba. Amma ka faɗa, don Allah. Ba shi da wani abin alfahari sai wannan."

Har garejinsa na shiga da ma'auni, ina waige kamar ɓarawo. Tsohuwar motarsa irin waccan ce, kuma tudun da ke tsakiyar murfin injinta inci huɗu ne cif. An yanka, gaskiya ne. Waye ya yanka, ƙarfe bai ce ba.

Ya cika ranar Laraba da hantsi, rediyo na karanta hasashen ruwa.

A coci na yi niyyar cewa "yakan ce", amma na haɗa ido da Enid, sai na ji bakina ya ce, "Shi ya ja zarton." Ta sunkuyar da kai.

Wurin shan shayi wani tsoho mai sanda ya ja ni gefe.

"Ka kyauta, ɗana. Amma tsakaninmu, ni ne. Shi fitila ya riƙe."

Kafin shayina ya huce, tsofaffi biyu sun ƙara raɗa mini haka, kowa da nasa mai riƙe fitila.

Motar dai sau ɗaya aka yanka.