Uku a Mako

Matata Darlene ce ta ga wata takarda a manne a bangon asibitin garinmu, ta yago lambar wayar ta kawo mini. Masu bincike a jami'ar jiharmu suna neman matasa masu shan giya fiye da ƙima, za su gwada wata sabuwar hanya ta taimaka musu su rage: zama da mai ba da shawara duk mako, da saƙon waya kullum, har wata shida.

Ɗanmu Dustin shekararsa ashirin da uku. An sallame shi daga masana'antar cuku inda nake aiki, bayan ya zo sau biyu yana warin giya. Ni ke fitar da sharar gida ranar Talata, saboda haka na san abin da ke ciki. Na taɓa ƙirga gwangwanin giya hamsin da huɗu a mako guda. Kuma ni na saya masa kwalbarsa ta farko, ranar da ya harbi barewa yana ɗan shekara sha shida, a mashayar da muke cin soyayyen kifi ranar Juma'a. A nan jihar Wisconsin ta Amurka doka ta yarda, in dai uba yana zaune a wurin. Ni ma haka ubana ya yi mini.

Mako uku muna lallashinsa kafin ya yarda, bisa sharaɗin ba zan yi masa wa'azi a mota ba. Na cika alkawari. Awa biyu muna tafiya, ban ce masa komai ba sai zancen ƙwallo.

Da muka isa jami'ar, wata mata mai suna Misis Halvorsen ta karɓe mu. Ta miƙa wa Dustin takardar tambayoyi, ta ce ya zauna a ɗakin jira ya cike, ni kuma ta nuna mini inda ake sayar da kofi a ƙasa. Na ce mata ba na jin ƙishirwa. Ta sake maimaitawa cikin ladabi, na ce ai ni ubansa ne, ba abin da muke ɓoye wa juna. Ta dubi Dustin.

"Bar shi ya zauna," in ji shi. "In kin kore shi ta taga zai leƙo."

Na zauna kafaɗata tana gugar tasa. Da ya iso inda aka tambayi kwalba nawa yake sha a mako, sai biron ya tsaya. Ina kallon hannunsa, shi ma ya san ina kallo. Ya rubuta uku.

Na gani, kuma na yi shiru. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, daɗi na ji. Ban so matar nan mai ilimi ta san irin ɗan da na raina ba.

Bayan minti goma ta kira mu ofishinta tana murmushi. Ta ce bisa amsoshinsa shan Dustin bai kai yadda suke nema ba, don haka ba za su ɗauke shi ba, kuma wannan ai abin farin ciki ne. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na gaya mata zancen gwangwani hamsin da huɗu, da korar da aka yi masa, da ranar da uwarsa ta same shi kwance a gareji ya yi amai a jikinsa. Dustin yana kallon takalminsa.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta yarda da ni, amma ƙa'idar binciken ita ce amsar mai shiga kaɗai ake ɗauka, kuma ba a sake cike takarda bayan mutum ya gane abin da ake nema, in ba haka ba sakamakon duka zai lalace. Na roƙe ta. Na ce a yaga wannan, in fita waje, ya rubuta gaskiya.

"Mista Novak," ta ce a hankali, "shi ya sa na nuna maka wurin kofi."

Ta ba Dustin wata 'yar takarda mai lambobin wuraren da zai iya neman taimako, ta ce ya daure ya kira ɗaya. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

A hanyar dawowa ya yi dariya, ya ce ai ga shi na ji da kunnena, masana sun tabbatar lafiyarsa ƙalau. Sai da muka wuce gonakin masara, muka kusa gari, ya sake magana, fuskarsa tana wajen taga.

"Baba, idonka na kan hannuna. Me kake so in rubuta?"



Na ce masa mu gwada lambobin nan. Ya ce ya riga ya je sau ɗaya saboda mu, kuma ya ji yadda na zazzage shi a gaban baƙuwa, ya isa. Ranar Talata na tsinci takardar a cikin shara, a ninke yadda ya ninke ta.

Tun daga makon nan kwandon sharar ya yi sauƙi. Gwangwani biyu, wani lokaci uku. Darlene ta lura, ta ce ko tafiyar kaɗai ta yi masa amfani, har ta gaya wa ƙanwarta a waya. Ni kuwa ranar Asabar na je ɗauko igiya a bayan motarsa, na ga baƙaƙen ledoji huɗu a ɗaure, na taɓa ɗaya da ƙafa na ji ƙarar gwangwanaye. Yanzu ya san ina ƙirgawa.

Na ɗauki igiyar na rufe motar. Darlene tana kicin tana waƙa, ban gaya mata ba.