Danne-dannen Oga Ilyasu

"Oga, kar ka lumshe ido. Riƙe nan, ga abokin faɗanka ya fito."

Thaddeus ya cusa wa Oga Ilyasu hannun gem, wasan nan na talabijin, ya gyara masa filo. Tun asuba numfashin tsohon ke sama-sama. Matarsa Rekiya ta fita titi neman tasin da za ta kai shi asibiti, kuma kowa ya san gosulon Nyanya da safiyar Litinin, ba gaba ba baya. Kafin ta fita ta bar wa Thaddeus amana: ya riƙa ɗebe masa kewa, in kuwa ya ga jiki ya rikice, ya ƙwala wa Maliki tela kira ya zo ya laƙƙana masa kalmar shahada. Babban tsoronta ke nan, kada mijinta ya cika babu mai tuna masa.

Thaddeus shi ke da shagon gem a ƙofar gidan hayar. Da ɓarin jikin Oga Ilyasu ya shanye bayan ya yi ritaya daga ma'aikata, likita ya ce ya dinga motsa yatsu, sai Thaddeus ya riƙa shigo masa da ƙaramar talabijin da gem ɗin faɗa. To fa, tsoho bai taɓa yarda ya koyi wane maɓalli ne naushi, wane ne shuri ba. Haɗa su yake ya danne, ba kai ba gindi, ɗan wasansa na tsalle yana dukan iska kamar mai korar zuma. Abin haushin kuma, yakan ci. In Thaddeus ya ce wannan ba iyawa ba ce, sai ya ce ai naushi ba ya tambayar makarantar da ka yi.

Yau babu wannan tsiyar. An ɗauke wuta, janareta na ƙara a bakin taga. Thaddeus tsoro yake ji, tsoro na gaske, ya kasa kallon fuskar maƙwabcinsa. Sai ya kafa wa talabijin ido, ya ce a ransa muddin ɗan wasan Oga na motsi, da sauran dama.

Ɗan wasan kuwa ya motsa. Da fari a hankali, naushi ɗaya, ya tsaya, ya ɗan ja baya. Can sai ya zabura, tsalle, shuri, durƙuso, wani tsallen, ya matse na Thaddeus a kusurwa yana jibga. Thaddeus har da dariya, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce ashe ƙarfi na nan, asibitin me kuma za a je. Ya gyara zama ya shiga karewa da gaske, aka ƙare zagaye, aka shiga wani.

Sai da ya juyo zai yi masa kirari ya gani. Idanun Oga Ilyasu sun kafe a sama. Yatsunsa ne ke karkarwa a kan maɓallan, ba wasa yake ba, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Thaddeus ya leƙa taga ya ƙwala wa Maliki kira har muryarsa ta dushe. Janareta ya cinye kiran. Shin ya je ya kira shi ne, ko ya tsaya? In ya fita, gawa zai dawo ya tarar. Shi Kirista ne, amma ya girma yana jin kalmar. Ya durƙusa, ya kai bakinsa kunnen tsohon.

"Oga, ni ne Thaddeus. Ka ce La'ilaha illallahu. Don Allah ka ce."

Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Leɓen ya ɗan motsa. Daga nan yatsun suka saki.

Bai tashi daga durƙuson ba Rekiya ta ɗaga labule, gumi sharkaf, tana cewa ta samu mota. Ta dubi gadon. Jakarta ta zame ta faɗi. Ba ta yi ihu ba, salati ta yi a hankali, sannan ta juyo gare shi.

"Ya samu ya yi kalma?"

"Mama, na faɗa masa. Bakinsa ya motsa."

"Kai ka faɗa masa?"

Ya gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ta zare hannun gem ɗin daga tafin mijinta, ta shafe masa ido, ta ja zane ta rufe shi.

A waje direban tasi na ta danna hon. A talabijin ɗan wasan Oga Ilyasu na tsaye wuri ɗaya, hannu a dunƙule, kafaɗunsa na hawa da sauka.